Zumunta a ƙafa take, amma ƙofar wa ake takawa?

Wata Laraba, ranar kasuwar Mokolo a arewacin Kamaru, aka aiko mana cewa ɗan wata gwauruwa ya rasu. Matar daga wajen Gwoza take. Ta yi shekaru a sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo kafin ta fito ta kama ɗaki a bayan gari, tana ɗebo wa mutane ruwa, in ta sami ɗan jari ta soya ƙosai. Ba ta fashin sujada a majami'armu, kullum tana bencin ƙarshe. Sai dai sunanta ba ya cikin littafin asusun matan zumunta, kuma ni ce mai riƙe da littafin.

Dokarmu a rubuce take tun kafin a ba ni alƙalami: wadda ta yi zubi wata shida a jere, in rasuwa ta same ta, asusu zai fitar mata da kuɗin akwati da na abincin baƙi. Wadda ba ta zuba ba, sai gaisuwa. Da yamma muka taru a gindin darbejiyar majami'a. Ma'ajiyarmu, dattijuwa mai tsoron Allah wadda ko dala ba ta taɓa ɓata a hannunta ba, ta ce, "'Yan'uwa, in muka buɗe wannan ƙofa yau, gobe wa zai ƙara zubi?" Matar fasto ta ce, "Mama, kina da gaskiya. Amma ga gawa a kwance, uwar kuma ba ta da kowa sai mu." Aka juyo gare ni a ji abin da littafi ya ce. Na karanta dokar yadda take, na rufe littafin. A ranar gani nake na yi daidai.

Na daɗe ina juya wannan zama a raina. Masu wa'azi suna son cewa bangaskiya ba ta ranar Lahadi kaɗai ba ce, a rayu da ita kullum tare da 'yan'uwa, kowa ya ce amin a watse. Faɗar ba wuya. Wuyar tana zuwa ne in an kai kan buhun dawa, da kuɗin akwati, da gonar wa za a nome ranar Asabar. A nan ake gane cewa mata biyu masu tsoron Allah za su iya tsayawa a kan gaskiya biyu da suka ƙi haɗuwa.

Mai karatu na Kano ko Damagaram zai so ya san su wane ne mu. A arewacin Kamaru, in ka ce Bahaushe, kowa zai ɗauka Musulmi kake nufi, ɗan kasuwa ko mahauci ko malami na unguwar Hausawa a Garwa, Marwa ko Ngaundare, kuma galibi haka ne. Harshen kasuwa a nan Fulatanci ne, na ofis da makaranta Faransanci. Kiristan da ke addu'a da Hausa yawanci mutumin bakin iyaka ne: wanda rabin danginsa suna Mogode rabi suna Michika, ko wanda ya yi zaman Mubi ya dawo da Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi na Hausa a jakarsa, ko wanda gudun hijira ya koro. Tun da aka buɗe Minawawo a 2013, musamman bayan Boko Haram ta kama Gwoza a Agustan 2014 da Mubi a ƙarshen Oktoban wannan shekarar, masu sujada da Hausa suka ƙaru ƙwarai a Mayo-Tsanaga, yankin da Mokolo take ciki. Mutanen sansanin sun haura 70,000, Musulmi da Kirista, kuma Hausa ce ke haɗa Babarbare da mutumin dutsen Gwoza a layin famfo.

Ita kanta bishara ba tsohuwa ba ce a wannan ƙasa. Ba'amurke Adolphus Gunderson ya sauka cikin ƙabilar Gbaya a 1923, 'yan mishan na Norwe suka zauna a Ngaundare a 1925, wasu 'yan mishan na ɗariƙar Lutaran suka kama Yagwa da Lere ta Cadi. Fadan Katolika na ƙungiyar Oblat sun iso a 1946 ƙarƙashin Yves Plumey, wanda ya zama bishop na farko a Garwa. A garuruwan da ke ƙarƙashin lamido ba su sami shiga sosai ba, sai suka nufi duwatsu da filayen noma, wurin Mafa, Mofu, Kapsiki, Giziga, Tupuri, Masa da Mundang. Don haka ikkilisiyar arewa a hannun manoma ta tashi, mutanen da tun kakanni suka san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wannan ne ya sa nake murmushi in na ji wani yana magana kamar mu muka ƙirƙiro taimakon juna. Gayya ta girmi mishan. Adashi haka, zaman makoki haka, gudunmawar biki haka. Maƙwabtanmu Musulmi suna yin su, masu bin addinin kakanni a kan dutse suna yin su, wani lokaci har sun fi mu iyawa. To, in kowa yana yi, ina Kiristancin yake a ciki?

Amsar da na tsaya a kai ita ce: dukan waɗannan al'adu a kan ramuwa suke tafiya. Na yi maka noma yau, ka yi mini gobe. Na kai miki kwano ranar sunan ɗanki, ki kawo mini wanda ya fi shi ranar auren 'yata. Ba ni gishiri in ba ka manda. Kada wani ya raina wannan tsari, domin shi ya riƙe talakawa shekara da shekaru a inda babu banki babu gwamnati, kuma akwai mutunci a cikinsa: wanda aka taimaka yau bai zama almajirin kowa ba, tunda an san gobe shi ne mai taimako. Amma tsarin yana da baki, kuma wanda ke faɗawa wajen bakin shi ne wanda ba shi da abin ramawa. Tsohuwar da 'ya'yanta suka mutu, baƙon da ba shi da gona, mai ciwon da ba ya warkewa. A Luka sura 14 Yesu ya taɓa daidai wannan wurin, inda ya gaya wa mai masaukinsa cewa in zai yi liyafa kada ya tsaya kan abokai da dangi da maƙwabta masu hali waɗanda za su rama masa, ya kira matalauta da guragu da makafi, don ba su da abin saka masa. Ƙullin ke nan. Asusu ba ya rayuwa sai da ramuwa, bishara kuwa ta ce a wuce ramuwa. Ma'ajiyarmu tana tsaron na farko, matar fasto tana tsaron na biyu.

Rumbu ya fi komai nuna yadda za a iya auren biyun. Damina a nan gajera ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Manomin dutse yana noma ne a 'yan gonakin da kakanninsa suka jera wa duwatsu hawa-hawa don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Mafa kan yi shekarar dawa, su yi shekarar gero. A filayen wajen Marwa kuma akwai masakwa, wadda ake dasawa a ƙasar laka da ake kira karal bayan ruwa ya ɗauke, a girbe ta a Janairu ko Fabrairu. Ko ta ina aka bi, lissafin ɗaya ne. Da kaka hatsi yana araha, kuma a lokacin ne bukatu ke haɗuwa a wuyan manomi: ragowar kuɗin makarantar da aka shiga tun Satumba, bashin taki, kayan Kirsimeti. Sai ya sayar a wulaƙance, 'yan kasuwa su kimshe a sito. A Yuli da Agusta, tsakiyar marka, ga aikin gona ya yi tsanani ga rumbu ya yi ƙasa, sai ya koma ya sayi hatsin nan nasa da tsada. In babu kuɗi ya ci bashi mai ruwa, ko ya bar gonarsa ciyawa na cinta ya tafi ƙwadago a ta wani, wanda ke nufin baɗi ma yunwar ce.

Rumbun haɗaka, wanda coci-coci da ƙungiyoyin raya karkara suka yaɗa a ƙauyuka da dama, an yi shi ne don a tsinke wannan igiyar. A namu, ranar baikon godiya na kaka kowane gida yana kawo abin da ya samu, daga kwano biyu har buhu. A ware na fasto da na baƙi, saura a zuba masa magani a rufe, makulli uku a hannun mutum uku. In marka ta yi sai a buɗe. Mai bukata ya ari kwano goma, da kaka ya mayar da sha ɗaya. Wannan kwano ɗaya na ƙari ya sha jawo surutu. Wani dattijo ya taɓa miƙewa a taro ya ce ruwa ne, kuma Fitowa 22:25 ta hana a ci ruwa a kan matalauci. Wanda ya amsa masa ba mai karatu ba ne, tsohon manomi ne. Ya ce, "Baba, hatsi ba ya zama yadda aka ajiye shi. Ƙwaro yana da rabo, ɓera yana da rabo, bushewa tana da rabo. Kuma kowace shekara akwai wanda tsuntsu zai cinye masa gona, ko ciwo ya kwantar da shi a lokacin noma. Shi wa zai biya masa?" Aka yi shiru.

Ni a wurina dabarar tana cikin wannan amsa. Kwanon da mai iya biya ya ɗora shi ne ke ɗauke da wanda ya kasa. An saka yafiya a cikin lissafi tun ranar farko, ba a bar ta sai ranar da tausayi ya motsa ba. Wanda ya kasa biya kuma ba a karanta sunansa a majami'a, masu makulli ne kawai suka sani. Bari in ƙara da abin da idona ya gani: rumbunan da suka mutu, ba matalauta ne suka kashe su ba. Manya ne. Dattijon da ya ari buhu uku ya kai kasuwa, ba mai iya buɗe baki ya tambaye shi, don shi ya ba da filin da aka gina majami'a.

Gayya tata rigimar dabam ce. A gargajiyar duwatsu da ta filaye, ba a kiran gayya sai an jera tulunan burkutu, wanda a nan ake ce wa bilbil. Mishan na Furotesta suka haramta giya gaba ɗaya, Katolika suka ce a sha a san iyaka. Abin bai tsaya a maƙogwaro ba. Wanda ya tuba ya daina dafa bilbil, sai maƙwabta suka daina zuwa gonarsa, shi ma ya riƙa jin nauyin zuwa tasu. Dole masu bi suka kafa tasu gayyar, ta kunu da tuwo da waƙa. Wannan ya ƙarfafa ikkilisiya, babu musu, amma ya kuma yanke mutane da yawa daga danginsu, kuma har gobe akwai gidajen da tabon bai warke ba. Abin da na fi so a gayyarmu shi ne na Asabar, in matasa suka ɗauki fartanya tun da asuba suka nufi gonar wanda ba zai taɓa zuwa tasu ba. A da ma dangi kan yi wa gwauruwarsu noma. Sabon abu shi ne yaron Mafa ya sunkuya a gonar tsohuwar da ba ya jin yarenta, ya tashi da ciwon baya, ladansa kunun tsamiya a moɗa da "Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Tunda an taɓo bilbil, ina da ƙorafi. Na san mace da mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya biyar, sana'ar da ta iya ke nan, da ita take biyan makaranta. Aka sa ta a horo, aka hana ta jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke ci tare don tunawa da Yesu, wata shida. Dattawan da suka zauna a kanta ba wanda ya tambaya da me za ta maye gurbin tukunyar. Ba ina kare giya ba ne, na ga abin da ta yi wa gidaje a kasuwannin yamma. Amma wasiƙar Yaƙub a Littafi Mai Tsarki ta riga ta faɗi hukuncin wanda zai ce wa mayunwaci ya sauka lafiya, ya ci ya ƙoshi, alhali bai ba shi komai ba. Wanda zai kife wa mace tukunya, ya zo da jarin gyaɗa ko na ƙuli-ƙuli a ɗaya hannun.

Akwai kuma abin da mutane ba sa lissafawa cikin ayyukan bangaskiya, wato harshe. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932, na Fulatancin Kamaru sai 1983, shi ya sa a bakin iyaka za ka tarar da tsoho wanda Hausarsa ta ciniki ba ta da ƙarfi amma Zabura ta 23 a bakinsa take da Hausa. A majami'armu ana karatu da Faransanci, a juya wa'azi da Mafa da Fulatanci, Hausa kuma a wurin waƙa ta fi samun fili, in mata suka tashi da tulu da caki. Sujada takan ci awa uku, 'yan boko suna duban agogo suna tsaki. Ni wa'azin ma bai dame ni kamar sanarwa ba. In aka ce ranar Talata za a buɗe rumbu, aka faɗe ta da Faransanci kaɗai don lokaci ya ƙure, wa ya ji? Malamin makaranta da ma'aikacin asibiti, waɗanda ba su da bukatar rumbun. Tsohuwar dutse da 'yar gudun hijira sai dai su ji labari bayan an rufe.

Irin wannan ce rigimar farko da ta taɓa tashi a ikkilisiyar Urushalima. A Ayyukan Manzanni sura 6, masu jin Girkanci suka yi gunaguni cewa ana mantawa da gwaurayen matansu a rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce a yi haƙuri a ci gaba da addu'a ba. Suka sa aka zaɓi mutum bakwai su riƙe rabon, kuma in ka bi sunayen, tun daga Istifanas da Filibus har Nikolas mutumin Antakiya, duk na Girkanci ne. Ɓangaren da ya yi kuka aka miƙa wa ludayin. Mu kuwa, a shekarun nan duka, ba mu taɓa sa mai jin Hausa kaɗai cikin masu makulli ba. Da akwai ita a kwamitinmu, da ta gaya wa gwauruwar nan ta Gwoza tun ranar da ta fara zuwa cewa akwai asusu, ga yadda ake shiga. Daga baya na gane ba ƙin zubi ta yi ba. Ba ta taɓa jin an yi maganar da harshen da take ji ba.

'Yan'uwanmu na EYN, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fara a gindin wata tsamiya a Garkida a 1923, sun ƙetaro da al'adar da yawancinmu a littafi kawai muka santa: wanke wa juna ƙafa kafin a ci jibi tare, kamar yadda Yesu ya yi wa almajiransa a Yahaya sura 13. Na halarta sau ɗaya, cikin rani. Maza gefe, mata gefe, daro da ruwa, tawul ɗaure a ƙugu. Wadda ta faɗo mini tsohuwa ce, diddigenta duk faso, farcen babban yatsanta ya fita tun a hanyar gudu ta kan dutse, in ji ta, bai sake fitowa daidai ba. Ruwan ya yi ja da ƙura kafin in gama ƙafa ɗaya. Tana ta cewa, "'Yata, ya isa haka, ya isa." Da na gama sai ta durƙusa da ƙyar, gwiwa na ƙara, ta kama tawa ƙafar, ni da ke shafa mai safe da yamma. Kunyar da ta rufe ni a lokacin ta fi ta farko nesa. A nan na gane dalilin da Bitrus ya janye ƙafarsa da Yesu ya zo wanke masa ita. Ga mai ɗan hali, bayarwa ba ta kai karɓa wuya ba, don mai bayarwa yana tsaye ne, hannunsa a sama. Kuma ikkilisiyar da ta raba mutane gida biyu, masu taimako kullum da waɗanda ake taimaka wa kullum, ta zama ofishin agaji mai waƙoƙi.

Tunda maganar ƙafa ake, mutanen Tokombere, wani gari a duwatsun nan na arewa, har yau ba su manta da Fada Simon Mpeke ba, wanda suke kira Baba Simon. Ɗan kudu ne, daga wajen Edeya, yana cikin fada takwas na farko 'yan ƙasa da aka naɗa a 1935. Ya baro babban coci a Duwala a 1959 ya zo duwatsu, ya riƙa yawo ƙauye-ƙauye ba takalmi kamar mutanen da ya tarar, yana zama da masu tsafin dutse yana sauraronsu. Ya rasu a 1975, a 2023 kuma Paparoma Francis ya amince da nagartar rayuwarsa, matakin da ke kan hanyar waliyyantarwa. Ni ba 'yar Katolika ba ce, amma na lura abin da tsofaffi ke fara faɗa a kansa ba wa'azinsa ba ne. Ƙafar ce, da abincin da ya ci a ƙwaryarsu.

Mu koma gidan makoki, don nan ne zumuntarmu ta fi kyau, nan ne kuma ta fara lalacewa. Kyanta shi ne ba a jiran a kira. Da an ji kuka, wata ta ɗauko itace, wata jarkar ruwa, wata garin dawa da kuka da daddawa. Samari su kama diga, kuma wanda bai taɓa haƙa kabari a ƙasar dutse ba bai san me ake nufi da taimako ba. Mata su kwana suna waƙa don kada mai rashi ta kwana ita kaɗai da tunaninta. Lalacewar kuwa wani yayi ne da ya hauro daga biranen kudu: a ajiye gawa a sanyin asibiti mako biyu ko uku ana biya, a ɗinka anko, a yi hayar rumfa da kujeru da lasifika, a ciyar da gari guda. Iyali su gama binne uba su shiga binne kansu a bashi. Na ga an sayar da gona don a yi wa mamaci akwati mai ƙyalli, mutumin da aka rasa kuɗin maganinsa yana da rai. A wannan gaɓar ba na jin nauyin cewa maƙwabtanmu Musulmi sun fi mu: likkafani fari, a yi salla, a kai shi a ranar, attajiri da talaka duk ɗaya.

Da na ambaci maƙwabta, su ma suna cikin lissafin. Yawancin gidajenmu, in za a yanka akuyar Kirsimeti, Musulmi ake kira ya sa wuƙa don maƙwabta su ci ba tare da shakka ba, su ma da Babbar Salla naman layya yana shigo mana. Shekarun tashin hankali sun gwada wannan. An sace Fada Georges Vandenbeusch a Ngecewe a Nuwamban 2013, a Afrilun 2014 aka ɗauke fada biyu 'yan Italiya da wata sista 'yar Kanada a Cere, a Yulin 2015 bama-bamai suka tashi a Marwa. Aka fara lalube a ƙofar majami'a da ta masallaci, aka riƙa kallon baƙo da wutsiyar ido, musamman mai jin Hausa ko Barbarci. A wasu unguwanni kwano ya daina ƙetare titi. A namu bai daina ba, kuma ba taron malamai da fastoci ne ya riƙe shi ba, ko da yake an yi tarukan kuma suna da amfani. Mata ne suka ci gaba da aiken yara da langa a rufe.

A daren Larabar nan ba a taɓa asusu ba. Ma'ajiya ce ta yi nasara, da taimakon littafina. Amma da aka tashi sai na ga ta kwance gefen zanenta ta ciro sefa dubu biyu nata na kanta, ta shimfiɗa ɗankwali a ƙasa ta ɗora. Wasu suka bi. Wani kafinta Musulmi da ke kusa da ɗakin matar, wanda take ɗebo wa iyalinsa ruwa, ya haɗa akwati da ragowar katako ya ce a bar kuɗin aiki. Washegari aka binne yaron. Ni kuma na kwana biyu ban iya buɗe littafin ba.

A taron wata mai zuwa muka daɗe a kai. Ba a soke dokar wata shida ba, kuma yanzu ina ganin daidai ne da ba a soke ba, don in asusu ya mutu talakawan cikinmu ne za su fara ji a jikinsu. Kuskurenmu shi ne tukunya ɗaya muka ɗora muna so ta dafa mana abinci biyu. Sai aka kawo gwangwanin madara, aka huda murfinsa, aka ce wannan ba shi da littafi: ba a rubuta wanda ya saka, ba a tambayar wanda za a ba ko ya taɓa sakawa. Wata ta kawo ayar nan ta Matiyu 6 da ta ce kada hannun hagu ya san abin da na dama ke bayarwa, tana zolayar masu son a karanta sunansu da adadin baikonsu a lasifika a tafa musu. Ma'ajiya, kamar yadda kowa ya zata, ta ce kuɗin da ba shi da littafi yana da ƙafa. Aka yarda ba za a buɗe gwangwanin ba sai a gaban mutum uku, ɗaya daga cikinsu mai jin Hausa. Sanarwa kuma yanzu da harshe huɗu ake yinta, sujada ta ƙara tsawo, 'yan agogo sun ƙara tsaki.

Da muka buɗe shi a karo na farko, muka zazzage a faranti: 'yan hamsin-hamsin da ɗari-ɗari, takardar ɗari biyar guda biyu, wani maɓallin riga da yaro ya jefa. A ƙasa akwai takardar naira 200, an ninke ta huɗu, ta tsufa har ta yi laushi kamar tsumma. Ma'ajiya ta warware ta, ta juya gaba da baya, ta dube ni ta ce, "'Yata, wannan a wane layi za ki sa ta?" Na ce, "Mama, ai wannan ba shi da layi." Ta sake ninke ta yadda ta same ta, ta mayar. Tana ciki har yanzu, ba a sami wanda zai kai ta wurin 'yan canji ba.